Bulon Roba da Hanyar Masallacin Kawu

Tun da na dawo daga Gana bakina bai huta ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a teburin mai shayi a tare ni, har direbobin tifa da ke kawo mini yashi sai sun kashe mota sun ce, "Malam Sabo, wai da gaske a can da shara ake gini?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Jiya wani ya rantse mini cewa ni da bakina na ce na ga bene na ledar fiyawata zalla. To ga yadda aka yi, in kun karanta ku bar ni in sha shayina da zafinsa.

Ni dai sana'ata buga bulo a Kano. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, 'yar Salaga ce. Fataucin goro ne ya kai kakanninta can, aure kuma ya dawo da ita nan. Yayanta, Kawu Mamman, yana can da ransa, ya tsufa tukuf, kuma ban taɓa ganinsa ba sai a hoto. 'Yarsa Adiza kuwa na san ta sarai, don a da takan zo Kano sarin atamfa. Taubashiyata ce, ba ta taɓa buɗe baki ta ce mini Malam ba. "Ɗan mace" take kirana, ko a gaban yarana ne.

Adiza ta bar atamfa ta koma sana'ata, amma ta wata hanya. Yashi ya yi tsada a wurinsu, sai ta tara mata suna tsinto fasassun bokitai da jarkoki da kujerun roba, a wanke, a niƙa a inji su koma ƙanana kamar tsakin masara, a rage yashi a zuba su a madadinsa, a kwaɓa da siminti a buga bulon daɓe, wanda muke ce wa intalok. Ta aiko mini da guda ɗaya a motar goro don ta tsokane ni. Na yi dariya, na ɗaga shi na maka da ƙasa a gaban leburorina don mu yi dariyar tare. Bulo ya ƙi fashewa, ni kuma na ce musu su koma bakin aiki.

Ana nan sai ta kira ni a waya, ran nan babu tsokana a muryarta. Tsakanin zauren Kawu da masallacin unguwa akwai ɗan fili da ke zama taɓo da damina. Bara ya zame a wurin ya bugu a ƙugu, ya ƙare daminar yana salla a ɗaki, mutumin da tun yana saurayi ba a san shi da rasa jam'i ba. Ta ce abin ya ci shi har ya rame. Ta buga bulon da za a shimfiɗa masa hanya, ya ce bai yarda ba, wai ba su da tsarki. Ƙannenta maza suka ce to a zuba kankare na yashi zalla, nan ma ya ce bai yarda ba. Ga damina ta kusa.

"Sana'ata yake ƙyama," in ji ta. "'Yar gidan goro tana tsintar bola. Ka zo, kai ɗan ƙanwarsa ne. Ka taho da bulon nan, ka biya ta Yendi ka nuna wa Afa Seidu, ɗalibin Baba ne, ko zai sa baki."

Haka na saka bulo a jaka, tsakanin kaftanina biyu, na kama hanya.

Ba zan gajiyar da ku da Kamba da Binin da Togo ba, zama ne kawai da ciwon baya. Direbanmu yana da kayan da zai sauke ta ɓangaren Burkina, don haka ta Kulungugu muka shiga Gana. Nan wani jami'i ya ɗaga jakata, sai na ga kafaɗarsa ta karkace.

"Masa, me ke ciki?" in ji shi, wato maigida.

Na ce, "Bulo ne, ranka ya daɗe."

"Bulo? Gana ba shi da bulo ne?"

Na yi bayani iya bayani. Ya kira abokan aikinsa, suka kewaye bulon suna juya shi. Ni ban ga laifinsu ba, don ko ni aka kawo wa mutumin da ya ratsa ƙasashe da bulo ɗaya a cikin kaftani, sai na ce akwai abin da ya binne a ciki. Aka aro guduma wurin mai faci. Da ƙyar ya rabu biyu, sai ga cikinsa da ɗigo-ɗigo, shuɗi da ja da kore. Wata jami'a ta sa farce ta ƙwaƙulo ɗaya, ta duba da kyau, ta ce, "Wannan bokiti ne! Mama na yana da irin shi!" Wurin ya kaure da dariya. Suka ba ni rabi, suka roƙi rabi, na baro shi yana tokare musu ƙofa.

A tashar Bawku aka ce ƙawar Adiza, Mma Zenabu mai albasa, za ta zo ta ɗauke ni. Ni na zaci aike za ta yi, ina ta leƙen wanda za ta aiko, sai ga wata dattijuwa ta ci burki a gabana a kan babur, ta ɗaure mayafi tamau a ƙugu.

"Kai ne baƙon Adiza? Hau."

Jama'a, ni Sabo, da furfurata, a bayan mace a kan babur. Na duba gabas na duba yamma ko akwai Bakano a kusa, na hau. Ban san inda zan sa hannuna ba, sai na rungume jakar bulo. Ta kuwa iya tuƙi, ta fi 'yan acaɓarmu hankali nesa ba kusa ba, kuma a kan hanya na ga mata a kan babura ko'ina, wata da goyo, wata da akuya a ɗaure a baya, babu mai ko kallonsu.

Ɗakin da ta sauke ni rabinsa albasa ne. Har na bar Gana, duk wanda na rungume sai ya ja hanci. Da yamma ta kawo tuwon zafi da miyar ayoyo da naman zabo. Zabon Bawku kam ba ni da ta cewa, na cinye har na tsotse ƙashi. Amma tuwon, gaskiya mu a Kano da an kawo shi sai a ce uwargida ta yi sauri. Namu ka yanka ya tsaya, nasu kana ɗiba yana bin yatsunka. Da safe kuma ta sayo mini wake da shinkafa, su suna ce masa wace, aka haɗa da taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji, duk a ganye ɗaya. Na ce wannan ai abincin gida uku ne. Ta ce in ci in yi shiru.

Hausarta ta ba ni dariya, don ita kowa "shi" ne, har 'yarta da ta haihu. Na ce a raina, mutanen nan sun daɗe da barin gida, harshen ya sassauta, al'adar ma ai ta tafi. Da wannan tunanin na bar Bawku, kuma kuskure ne, za ku gani.

Ita ma Mma Zenabu tana tara wa Adiza fasassun robobi, tana aika mata a motocin doya in za su koma. Da na tambaye ta batun Kawu sai ta kaɗa kai ta ce, "Tsoho nan, kai nshi da ƙarfi. Adiza ya yi kuka a nan ɗaki nan." Sannan ta ɗora mini ƙullin albasa in kai mata, kamar kayana ba su ishe ni ba.

Daga Bawku motar ta nufi dutsen nan da ake hawa kafin a kai Gambaga. Muna tsakiyar hawa sai ta yi tari ta mutu, ta fara silalowa baya a hankali. Mata suka ɗauki salati. Direba ya taka burki yana ihu a kawo dutse a sa waigi, ga duwatsu cike da wurin amma duk sun fi ƙarfin ɗauka. Wani fasinja da ya ji labarina tun a tasha ya fizgi jakata, ya zaro rabin bulon Adiza ya cusa a ƙarƙashin taya. Mota ta tsaya cak. Kowa yana hamdala, ni kuwa ina tsugune a gefen taya ina addu'a kada ya ruguje, don ban san abin da zan nuna a Yendi ba in ya zama gari. Da aka gyara motar na ciro shi, ko gefensa bai ɓantare ba. Direba ya ce in sayar masa, na ce ya nemi nasa.

A Yendi ba a gaida babba a tsaye. Tsugunawa ake yi, ana tafa hannu a hankali, duk abin da ya ce a amsa da "Naa." Wanda ya raka ni gidan Afa Seidu ya koya mini a hanya. Afa shi ne malam a bakinsu. Muka same shi a rumfa da ɗalibansa, dattijo siriri mai fara'a. Na tsuguna da jaka a kafaɗa, na manta da nauyin da ke cikinta. Na ce "Naa" ta farko lafiya, kafin ta biyu bulo da albasa suka ja ni ta baya, sai ga ni zaune daɓas, ƙafafu a sama, albasa na gangarawa cikin ɗalibai. Afa ya yi dariya har da hawaye, ya ce da Hausa tsantsa, "Bakano, tashi, mun yafe maka sauran."

Bayan an ci sakwara na fito da rabin bulon na faɗi abin da ya kawo ni. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Roba ba ta shan ƙazanta, in an wanke ta ta wanku. Yaya suke wankin?"

Na ce, "Wallahi ban gani ba tukuna."

"Kai ba ka gani ba, ni ban gani ba, sai in aika wa malamina cewa ya yi kuskure?" Ya miƙo mini bulon. "Na zauna gabansa shekara da shekaru. Ban taɓa jin ya ce abu ba shi da tsarki don yana ƙinsa ba. In ya faɗa, akwai abin da idonsa ya gani. Wa ya tambaye shi abin da ya gani?"

Na tattara albasata na yi sallama. Na fito raina a ɓace, ina ganin na sha faɗuwa a banza.

Ta Bimbila muka bi zuwa Salaga. Doya kam na gan ta, tuli-tuli a bakin hanya kamar an zubar da itace. Adiza ta tare ni a tasha da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan mace, wa ya jiƙa ka a miyar albasa?" Da ta ji Afa bai ba da saƙo ba sai ta ɓata fuska, ta tada babur muka nufi gida.

Na ga filin, na ga bulon a jibge a jikin katanga. Gefe guda, ƙarƙashin mangwaro, mata suna wankin niƙaƙƙiyar roba a manyan bahuna, kumfa ta yi tozo har tana zuba ƙasa. Zauren Kawu yana kallon wurin kai tsaye.

Kawu ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce goshin mahaifiyata ne da ni sak, ya yi ta kuka, ni ma na yi. Muna cikin haka Adiza ta kawo abinci. Sai na ga ta tsaya daga bakin ƙofa, ta durƙusa ta ajiye, fuskarta a gefe, ba ta ce uffan ba. Shi kuma ya juya yana kallon bango har ta tafi. Matar da ta cika tashar Salaga da tsiya yanzun nan! Nan take abin ya faɗo mini: Adiza 'yar fari ce. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa yi mata magana ido da ido ba, ita ma haka. Mu a Kano yanzu mutum ya saɓa ɗan farinsa a kafaɗa yana kiran sunansa a titi, ni kaina haka nake yi. Su da na ce al'ada ta bar su, sun riƙe kunyar nan fiye da yadda kakata ta riƙe ta.

Da muka ci muka wanke hannu na ce, "Kawu, don Allah me ka gani a bulon nan?"

Ya dube ni kamar ya daɗe yana jiran mai tambaya. Ya nuna mangwaro da sandarsa. "Dubi bahon ƙarshe. Me ke cikinsa?"

"Ruwan sabulu."

"To. Robar nan daga kwata ake tsinto wata. Ruwan sabulu yana fitar da dauɗa, amma ba ya tsarkakewa, don ya riga ya canja. Sai an bi da ruwa zalla, ya fita garau yadda ya shiga. Su daga kumfa sai shanya. Wurin da mutane za su taka da alwala, ranar Juma'a sahu ya fito har kansa?"

"Ba ka faɗa ba, Kawu?"

"Na faɗa! Na ce wa ƙanenta ya ce wa mai aikin nan wankin da saura. Washegari na ga an ƙara sabulu. Na sake aikawa, aka sake ƙara sabulu. Yanzu kumfar har zaurena take shigowa in an yi iska."

Na danne dariyata da ƙyar. Na ce, "To kankaren da samarin suka ce za su zuba fa, me ya sa ka hana?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. "In na taka na wani, garin nan kowa zai ce uban ma ya ƙi nata. Gara in ƙara damina a ɗaki."

Nan take dariyar ta gushe. Na tashi na fita.

Na sami Adiza a bayan gida na zayyana mata. Da na zo kan ruwa zalla sai ta dafe kai ta ce, "Innalillahi! Wannan ai tun muna makarantar allo na san shi! Shi wancan sakaran ƙanen nawa cewa yake yi Baba ya ce ƙazanta ce!" Da na faɗa mata dalilin hana kankaren kuwa, sai ta juya ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Washegari aka ƙara baho biyu. Salaga gari ne na rijiyoyi, akwai wata tsohuwa a bayan masallaci, daga ita aka riƙa jan ruwa. Kawu ya sa aka fito masa da kujera bakin zaure. Aka ɗauraye robar aka sake ɗaurayewa, na ɗebo ruwan ƙarshe a kofin gilashi na kai masa. Ya ɗaga shi a rana, ya shinshina, ya ɗiga a harshe, ya ce, "Yanzu ne aka yi wanki." Matan suka rangaɗa guɗa. Tsofaffin bulon kuwa wani mai gidan mai ya kwashe su, shi motoci ne za su taka masa.

Na fasa komawa, na tuɓe kaftani muka shiga bugu. Nan ma sai da muka yi faɗa da Adiza. Ni da na ga abin ya yi kyau sai na ce a ƙara roba a rage yashi sosai. Ta ce in ajiye shebur ɗin in ba zan bi awonta ba, siminti ba ya kama roba kamar yadda yake kama yashi, in ta yi yawa bulon sai ya yi laushi. Kaɗan ake sawa, kuma ko da wasa ba ta sa shi a ginshiƙi ko rufin dakin, iyakarta daɓe da katanga. Don haka mai labarin bene ya ji da kyau.

Sai jiran bulo ya yi ƙwari. Kun san ba a gaggauta shi, kullum ban ruwa safe da yamma. Hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas, ya taso ya watse, ya taso ya watse. Kowace safiya sai Kawu ya kira ni ya ce, "Yaya, sun nuna?" kamar mangwaro muke jira. Ni kaina na fara rasa sukuni, don in ruwa ya riga mu sauka, filin ba zai shimfiɗu ba. Da suka yi ƙwari muka baje ƙasa, muka daddaɓe, muka jera su tun daga bakin zaure har ƙofar masallaci. Adiza da kanta ta bi da tsintsiya tana cike tsakaninsu da yashi.

Kwana kaɗan bayan haka ruwa ya sauka da rana tsaka, mai ƙarfi, ya ɗauke gab da la'asar. Hagu da dama duk ya zama taɓo, hanyar kuwa ta fito fes, ɗigon shuɗi da ja suna ɗan ƙyalli. Ladan ya kira salla. Sai ga Kawu a bakin zaure da farar riga da sanda. Na miƙa hannu in riƙe shi, ya ture. Ya sa ƙafa ɗaya, ya danna, ya sa ta biyu. Mutanen da ke alwala suka tsaya suna kallo.

Adiza tana jikin katanga da tsintsiya a hannu, ba ta samu ta gudu ba. Da ya zo daidai inda take, har rigarsa na kusan taɓa ta, sai ya tsaya. Bai dube ta ba, ni ya duba.

"Sabo."

"Na'am, Kawu."

"Ka gaya wa mai aikin nan, ƙafata ta yarda da shi." Ya gyara riƙon sandarsa. "Ka ce mata Allah ya yi mata albarka. Ka ce na daɗe ina so a gaya mata."

Na juya don in isar da saƙo. Ta ba mu baya, ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na girgiza. Da ƙyar ta ce, "Ka ce masa amin."

Ban ce ba. Ya ji da kunnensa, don na ga bai motsa ba sai da ta faɗa, sannan ya ɗaga sandarsa ya ƙarasa masallaci.